Gizo-gizon Surukina a Kan Hulata

Jama'a, yau na yi sallar La'asar babu hula.

Na ziyarci 'yata Hadiza a Sa'alaba. Mijinta Mansur yana kiwon wani gizo-gizon bishiya mai gashi, girman tafin hannu, a akwatin gilashi. Na ga kaskon ruwansa ya bushe, alhali shayar da dabbar da aka tsare wajibi ne. Na ɗaga murfin. Subhanallahi! Kafin ƙiftawar ido ya bi hannun rigata ya haye hulata.

Mansur ya ce, "Baba, kada ku motsa, yana cizo!"

Hadiza ta ɗauko takalmi. "Baba, in buga?"

Na ce, "Ƙarƙashinsa dai kan mahaifinki ne."

Mansur ya zare hular a hankali, ya ajiye ta cikin akwatin. Har yanzu gizo-gizon yana kanta, ya fara saƙa.