Injin da Ba Kunne Ya Fasa Ba

Kunne ake ce masa, domin shekara talatin yana ɗaura inji, kuma mota na shigowa gareji yake jin ciwonta tun mai ita bai buɗe baki ba. Mutum ne mai zuciya a kusa, ba ya yi wa kowa dariyar neman ciniki. Bai gina gida ba, ko motar kansa ba shi da ita. Abu ɗaya ya tara a duniya: ba a taɓa cewa injin da ya ɗaura ya fashe ba. Da wannan sunan yake ciyar da iyalinsa.

Auta, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya jawo masa. Ya shiga sahun masu tseren mota, ya sayo kwalbar naitiros, iskar nan da ake fesa wa inji sai mota ta zabura kamar an tsikare ta. Kunne ya zage shi tas, sannan ya karɓi makullin motar, don ya san in bai yi aikin ba wani jaki zai yi.

"Buɗe kunnenka, Auta," in ji shi. "Fistan, ƙarfen nan da ke hawa da sauka cikin inji, iri biyu ne. Na zubi, narka ƙarfen ake yi a zuba. In don kai yara makaranta ne, lafiya lau. Amma ka fesa masa wannan masifar, tarwatsewa zai yi kamar tulu. Na ƙira kuwa matse shi aka yi da ƙarfin tsiya, yana jure wuta. Shi zan sa maka. Sai dai yana kumbura in ya ji zafi, dole in bar masa ɗan sarari. Da safe za ka ji inji yana ƙwanƙwasa kafin ya ɗumama. Ba ciwo ba ne. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Bai ji komai ba. Sati uku Kunne ya yi yana aune-aune, yana goge kowane fistan, yana korar duk wanda ya zo da ƙura kusa da teburin. Mota ta fita tana gurnani. Amma abokan Auta, waɗanda ba su san ko ina ake zuba man birki ba, suka ji ƙarar safiya suka sa shi a gaba: "Yayanka injin markaɗe ya ɗaura maka?" Kunyar banza ta kama shi. Maimakon ya koma wurin yayansa, sai ya kai motar wurin surukinsa, uban matarsa, tsohon bakaniken motocin haya. Tsoho ya saurara, ya ce fistan ya yi lako-lako. Ya cire na ƙira duka huɗun, ya cusa sababbi na zubi, cif-cif. Inji ya yi shiru, kowa ya yaba, ba wanda ya gaya wa Kunne.

Ranar tsere Auta ya danna maɓallin iska, injin ya yi ƙara ɗaya ya huda gefensa. Allah ya tsare ran Auta. Aka jawo motar da igiya har ƙofar garejin Kunne, jama'a na biye, kowa na faɗin abu ɗaya: injin Kunne ne.

Kunne ya shiga ƙarƙashi ya kwance kaskon mai. Gutsattsarin ƙarfe suka zubo masa a tafin hannu, bakin karayarsu tsaki-tsaki kamar fasasshen dutse. Fistan na zubi ne wannan; na ƙirar da ya sa ba ya karyewa haka. Ya fito a fusace, ya ɗaga hannu zai nuna wa duniya, sai Auta ya riƙe masa riga ya ja shi bayan tulin tayoyi.

"Yaya, don girman Allah ka rufa mini asiri. Baban matata ne ya canza. In ka faɗa, ya gama cin abinci a wannan sana'a, ni kuma gidana ya watse."

"Ni fa? Wa zai rufa nawa, sakarai?"

Auta ya sunkuyar da kai yana hawaye. Kunne ya so ya mare shi, ya so ya mari tsohon, ya so ya mari kansa da ya karɓi makullin. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya watsa gutsattsarin a bokitin baƙin mai, ya dawo gaban jama'a.

"Maigida, me ya faru?" wani direba ya tambaya.

"Kana da ido. Ya fashe."

Washegari da hantsi wani mai babbar mota, wanda ya shekara goma sha biyu ba ya yarda kowa ya taɓa masa inji sai Kunne, ya zo da bakanike daga wani gareji. Injinsa na kan teburin Kunne a warwatse, saura ɗauri, shi ya zo kwashewa. Ya yi ta kame-kame, wai sauri yake yi. Da hannunsa Kunne ya jera musu kayan a kwali, ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa baƙon bakaniken wace ƙusa ake fara ɗaurewa.