Yadi Biyu Ba Yatsa Huɗu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar yadi ne a Lafia. Kowa ya san shi da hali guda: in ya auna maka shadda da sandar awonsa, kafin ya sa almakashi sai ya jera yatsunsa huɗu a bakin awon, ya yanka daga bayansu. Wannan ita ce gyararsa, bai taɓa hana kowa ba.

Shekarar da na fara ɗinki a bayan shagonsa aka ba shi shugabancin ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, saboda shi ke sayen takalma, shi ke ɗaukar motar zuwa wasa. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Ni kuwa aka ba ni ɗinkin rigunan 'yan wasa da liƙa lambobi, kuma a nan na san Mai Lamba Bakwai.

A littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, saurayi kullum dogo ne mai saje, yana fitowa daga mota ƙamshi na binsa. Ni ma irinsa nake jira. Sai ga wannan, Bagwandare daga wajen Obi, gajere a cikin 'yan wasa, ya zo a tsohon babur da ƙasar gona a tayoyinsa. Ya ajiye rigarsa a kan kekena ya ce, "Hajiya tela, a rage mini tsawo, jiya na kusa taka ta."

"Rigar ce ta yi tsawo, ko mai ita ne bai ƙarasa girma ba?"

"Ki zo fili ranar Asabar, sai ki ba kanki amsa."

Na je. Ranar na manta da duk masu sajen nan. Ƙwallo a hannunsa kamar da zare aka ɗaure ta. Yana duban gabas ya miƙa ta yamma, ya bi ta ƙarƙashin hammatar ƙato ya fito ta baya, 'yan kallo na ihu har masu sayar da lemo suna barin farantansu. Shi ke raba ƙwallo, saura su jefa. Na koma gida zuciyata na bugawa kamar ni na yi gudun. Daga nan kullum rigarsa sai ta sami abin gyarawa, ni kuma ban taɓa tambayar wa ke tsinke zaren ba.

Matsala ta fara ne ranar da wata ƙungiya daga Filato ta zo ta ci mu. 'Yan wasanta dogaye ne ƙwarai. Kawu ya kwana biyu yana tunani, rana ta uku ya tara kowa a ƙofar shago, ya ɗauko sandar awo.

"Na gano ciwon," ya ce. "Kwando a sama yake. Daga yau duk wanda bai cika yadi biyu ba, ya tafi ƙwallon ƙafa."

Kocinmu mutumin Tibi ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce, "Alhaji, wannan wasa ba tsawo kawai ba. Wa zai kawo bol ɗin gaba?"

"Dogo zai kawo. Taku uku ya isa."

Aka jera su jikin bango kamar bandiran atamfa. Ina leƙe ta labule lokacin da aka zo kan Mai Lamba Bakwai. Kawu ya ɗora sanda sau biyu, ya duba, ya ce, "Yadi biyu ba yatsa huɗu. Ka yi haƙuri, samari." Shi da mutum uku suka tafi.

Kawu ya baza cigiyar dogaye. Aka kawo mai lodin doya daga tasha, aka kawo wani mai gadi daga Bukan Sidi wanda sai ya sunkuya yake shiga shagonmu. Na ɗinka riguna masu cin yadi, Kawu na kallonsu yana murmushi. A fili kuwa abin tausayi. Su tsaya ƙarƙashin kwando su biyar, hannuwa sama, suna jiran ƙwallon da babu mai kawowa. Da ɗaya ya fara buga ta a ƙasa, sai a zare ta kamar an karɓi alewa a hannun jariri. Aka ci mu a gida, aka ci mu a waje. Kawu ya sauya launin riga, ya sauya mota, ya sa a riƙa ba su madara da ƙwai da safe. Bencin 'yan kallo ya fara yin fili, masu lemo suka koma bakin tasha.

Ana saura wasa ɗaya, wanda in aka ci mu za mu faɗa ƙaramin rukuni, Mai Lamba Bakwai ya zo da yamma ya tsaya bakin tagar ɗinkina.

"Baba ya aiko," ya ce. "Damina ta kusa. In an rufe kakar wasa ba ni cikin ƙungiya, zan saki ɗakina na unguwar Akurba in koma gona."

Obi ba nisa, na sani. Amma na san wanda ya koma kunyar doya sai dai a gan shi da salla. Na ce, "Ka zo wasan Asabar. Ka zo da takalminka."

"In yi me da shi, in tsaya a kai in ƙara tsawo?"

"Kai dai ka zo."

Tsohuwar rigarsa tana ƙasan akwatin zarena tun ranar awo. Na wanke ta, na sake mata launi irin na sababbin, na goge, na naɗe a jakata. Koci ya riga ya raɗa mini cewa bai taɓa cire sunansa daga takardar rajista ba.

Ranar Asabar rana ta take, simintin fili har turiri yake. Kafin hutun rabin lokaci an yi mana nisa. Kawu na zaune a kujerar roba, sandar awo a kan cinyarsa, don ya mai da ita sandar girma. Hularsa ta koma ƙeya. Na sauko daga benci, na durƙusa gefensa.

"Kawu, in yi magana?"

"Yi, ɗiyata. Yau kowa ma koci ne."

"Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ka yanka yadi ba ka ƙara yatsa huɗu ba. Har wanda ya zage ka a ciniki kana ƙara masa. Shi kaɗai ka auna ba gyara."

Ya dube ni, ya dubi jakar da na rungume, ya dubi allon maki. Sannan ya ce, "Ina yake?"

Aka kira shi daga cikin 'yan kallo. Kawu ya miƙe a gaban kowa, ya tsayar da shi, ya auna a tsanake, sannan ya jera yatsunsa huɗu a kan sumarsa.

"Yadi biyu cif. Wa ya ce bai cika ba?"

Koci ya ce, "Ni ma na gani, Alhaji. Ya girma."

Na miƙa rigar. Hannunsa ya taɓa nawa, kuma duk abin da littattafan nan suke faɗa game da irin wannan lokaci, na tabbatar ba su ƙara gishiri ba.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ƙwallon farko da ya karɓa, ya ratsa mutum biyu, ya cilla ta sama, mai lodin doya ya ga abu ya faɗo hannunsa, ya zura ta a kwando, ya tsaya yana duban tafinsa. Ashe dogayen nan abin da suka rasa ke nan. Mai gadi ya zura, ya sake zurawa. Masu babur da ke wucewa suka ji ihu suka faka. Na tsinci kaina tsaye a kan benci, mayafi a hannu ina kaɗawa, ni da ko dariya ba na yi da ƙarfi a gaban Kawu. Shi kansa yana buga sanda a ƙasa yana cewa, "Ku ba gajeren! Ku ba shi!"

Saura maki biyu mu kamo su, Mai Lamba Bakwai ya jefa ta ƙarshe daga nesa. Ta zagaya bakin kwando, ta yi kamar za ta shiga, ta faɗo waje. Aka busa usur. Mun faɗa ƙaramin rukuni.

Ni kuwa idona na kan Kawu. Ya taka har inda Mai Lamba Bakwai ya zube yana haki, ya zungure shi da sanda.

"Tashi. Litinin akwai atisaye. Sauran ukun nan ma ka nemo mini su."

"Da awo, Alhaji?"

"Sanda ta koma shago."

Bai saki ɗakin Akurba ba. Ranar Talata sai ga shi bakin tagata da doya uku manya ɗaure a bayan babur, da rigar a kafaɗa. Wai lambar ta fara ɓallewa. Na duba, ɗinkina ne, ko zare ɗaya bai motsa ba. Na karɓa na ce ya dawo gobe.