Farin Gari a Mahaɗin Tirela

Jiya a kasuwar Ketu da ke Legas, bayan an sauke albasa, na sunkuya na shafa mahaɗin tirelata, sai yatsana ya fito da farin gari. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Wan mahaifiyata ne, makanike a Agege. Ba ya barin mota ta tashi sai ya shafa inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, ya murza a yatsu. Hannunsa kullum warin giris da goro.

Wata rana da damina ina sauri, lodi na jirana, ya shafa mahaɗin tirelata, ya ga farin gari a yatsunsa, ya tare ni.

"Ɗana, kwance shi."

"Haba Kawu, ai babu tsatsa ko kaɗan."

"Ƙarfe in ya gaji ja yake yi, kowa ya gani. Alminiyam ba ya faɗa, ta ciki yake lalacewa. Iskar Legas kuwa gishiri ce."

Muka kwance. Ramin ƙusar ya cinye, ga tsaga siririya kamar gashi. Da na hau hanya haka, Allah kaɗai ya san inda bodin zai rabu da ni. Ya sa sabon mahaɗi, ya shafe shi da giris.

Shi ma haka ya tafi. Ciwo na cinsa, amma ko yaushe ka tambaye shi, "Alhamdulillahi." Sai da ya kwanta muka sani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma ya ba mu idon gane masu ciwon da ba sa faɗa.