Kimbar Inna

A unguwarmu a Yelwa, in an ce yajin jego, to gidanmu ake nufi. Inna ce mai yin sa, kuma sirrinta kimba. Da ita take kashe ƙarnin kifi a miya, ita take dafa wa Baba da citta in sanyin ruwa ya kama masa ƙirji. Ni kuwa tun da na gama sakandare nake ganin na fi ƙarfin turmi.

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu. Ana cikin jinya sai ga saƙo daga wata tsohuwa Bakambara ta wajen Wara: jikarta ta haihu, ranar kasuwa za ta shigo jirgin ruwa ta karɓi yaji. Shekara da shekaru ba ta yarda da na kowa sai na Inna. In ta koma da marar kyau, sunan Inna ya zube har hayin ruwa.

Na ce wannan ai ba wani aiki ba ne. Na zuba kimba a turmi, na dake ta har da 'ya'yanta. Inna ta lasa, ta tofar.

"Wanga maɗaci wa za ki ba, shashasha? Ɗiyan kimba ad da ɗaci, ƙamshin ga ɓawo shike."

Kunya ta sa ni kuka. Ta zaunar da ni gabanta, na riƙa gasa kimbar sama-sama a garwashi, ina fasa kowace, ina tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ina yi, yatsuna suka yi baƙi ƙirin. Sannan na haɗa citta da masoro da barkono, ita tana auna mini da ido.

Ranar kasuwa tsohuwa ta iso. Ta shinshina yajin, ta lasa.

"Da karayar taki kika daka wannan?" ta tambayi Inna. "Yana nan yadda na san shi."

Da a ce Inna ta yi shiru, da ba mai ganewa. Sai ta nuna ni da hannunta mai lafiya.

"Ba ni nid daka ba, ɗiyata ta. Ko bayan raina, wurinta za ku taho."

Na karɓi takardun shaida bayan nan, amma babu wadda ta fasa mini kai kamar wannan magana. Inna ta daɗe da rasuwa, kuma har yau jikokin tsohuwar nan ƙofata suke ƙwanƙwasawa.