Tambayoyi a Kan Tsohon Faifanmu

Aikina shirya tambayoyi ne. Na daɗe ina koyarwa a wata lakwal a Bawdeta, kuma abokan aikina sun san in na shirya jarrabawa sai yaro ya yi gumi. Ban taɓa zaton wannan baƙin halin zai amfani kowa ba, sai a hutun da na koma gida Tasawa na tarar fadarmu ta yi sanyi.

Fadar tamu benci biyu ce da tabarma a ƙofar shagon wani mai cajin salula. A cikin shagon akwai tsohuwar tele, da na'urar wasan bidiyo da yayansa ya kawo daga Libiya, da faifan wasan ƙwallo ɗaya tak wanda ya sha gogewa da gefen riga. Tun muna samari muke bugawa, yau ga mu da ƴaƴa ba mu daina ba. Gwaninmu kuwa abokina ne na ƙuruciya, ɗan kabu-kabu, mai baki kamar reza. In ya ci ka, sai ya raka ka har gida yana ba maƙwabtanka labari.

Kafin hutun nan mota ta banke shi a hanyar Maradi, aka yanke masa hannun dama. Ya warke, amma ya daina zuwa fada. Da na je gaishe shi ya karɓe ni da ladabi, har da godiya, kuma ladabin nan ne ya tayar mini da hankali, don ban san shi da shi ba. Matarsa ta ce ko kasuwa ba ya leƙawa. Na ji tsoron kada mu rasa shi alhali yana raye.

Na ce a raina, riƙe manet, wato abin dannawa na wasan, na son hannu biyu, amma amsa tambaya baki kawai take so, shi kuwa baki bai taɓa yi masa ƙaranci ba. Na fara kwaso tambayoyi daga intanet, na gwada su a kan mai shagon da wani tela ɗan fadarmu. Ko ɗaya ba su ci ba. Ashe mu ba wasan duniya muka sani ba, faifanmu muka sani. Rubutun da ke cikinsa ma na wani yare ne da ba mai iya karantawa a cikinmu, da haddar wurin dannawa muke tafiya, ƴan wasan kuma mu muka raɗa musu suna. Sai na watsar da na intanet na zauna na shirya namu. A wane fili faifan ke maƙalewa in aka zaɓi ruwan sama? Wane gola ne ke faɗuwa tun ba a buga ba? Su wa ke sa riga shigen ta alƙalin wasa har a riƙa ba shi ƙwallo? Na ji daɗin aikin nan fiye da duk jarrabawar da na taɓa shiryawa.

Na sa ranar Juma'a za a yi gasar tambayoyin a fada, amma ban roƙi abokina ya zo ba, na san halin kayana. Ce masa kawai na yi tela na yawo yana cewa babu wanda ya kai shi sanin wasan. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi, hannun rigar a naɗe an soke da allura.

Abin da ban sani ba, ƴan fada sun haɗa baki a bayana cewa za su bar masa. Tambayar farko tela ya sosa kai ya ce ya manta. Ta biyu mai shago ya ba da amsar da ko jaki ba zai ba da ba. Abokina ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya jawo takalminsa.

"In sadaka za ku ba ni, ku kai mini gida," in ji shi. "Mi ya kawo ni nan?"

Raina ya ɓaci, rabi saboda shi, rabi saboda tambayoyina da ake wulaƙantawa. Na ce duk wanda ya ƙara yin kamar bai sani ba, ya tashi ya ba mu wuri. Abokina ya zauna a bakin benci, takalmi ɗaya a ƙafa.

Daga nan wasa ya yi zafi. Tela ya wuce gaba, abokina ya kamo shi, aka fara zagin juna yadda aka saba. A tambayar ƙarshe na tambayi da wace ƙafa dogon mai tsaron bayan nan na masu jar riga yake buga fanareti. Abokina ya ce hagu. Na ce dama, ya faɗi, tela ya ci.

Abokina ya miƙe yana kumfar baki. Ya ce ni malamin ƙarya ne, Allah ya jiƙan yaran Bawdeta, a kunna na'ura yanzu kowa ya gani. Aka kunna. Sai da aka miƙo masa manet kowa ya tuna da hannun. Ya kalle ta jim kaɗan, ya ɗora ta a kan cinyarsa, ya dafe gefen hagu da babban yatsa.

"Mushe, zamna nan," ya ce da ni, yadda ƴan lakwal ke kiran malami. "Ni ka tuƙi, kai ka bugu. In na ce buga, ka buga."

Na zauna kafaɗata na gogar dungulmin hannunsa, muka kama manet ɗaya. Ba mu ko samu fanaretin ba, tela ya yi mana cin kaca. Abokina ya ce duk laifina ne, yatsana kamar na kuturu, kuma gobe in zo da wuri don akwai gyara a kaina.