Kindirmon Kakata da Tukunyar Gilashi

Jiya a kasuwar Dutsin-Ma wata mai nono ta ɗaga faifai, ƙamshin kindirmo ya bugi hancina, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanta na Kurfi kindirmo bai taɓa yankewa ba. Kullum takan rage ludayi guda ta zuba cikin sabuwar madara, ta rufe, ta hana kowa leƙawa.

Ƙarshen shekarun 1980 na zo hutu daga karatu a Turai, na tarar ciwon daji ya cinye ta. Ta ce, "Maigidan, mi kake koyo can?"

Na ce ƙwayoyin halitta muke raino cikin tukunyar gilashi, mu ba su abinci da ɗumi, su fitar da sinadarin yaƙar cuta.

Ta yi dariya har da tari. "Ashe kindirmo aka tura ka koyo! To nawa maganin ya kwanta?"

Na ce, "Da saura, Kaka."

"To kar ka leƙa shi. Zan jira."

Ba ta ga damina ba. Yau ga irin maganin a asibitoci.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya kai ki inda babu ciwo, babu jira.