Miyar kuka cikin motata

Jama'a, yau mota ta tona asirin amini!

Ina cikin cunkoso bakin kasuwar dabbobi, ɗauke da fasinjan garin Barmu, sai tururi ya turnuƙe gabana. Na kashe motar, na kira makaniki. Makaniki ya jira ta huce, ya buɗe radiyata. Ruwan kore shar, har da yauƙi!

Ya ce, "Baba, miya kake dafawa? Garin kuka aka zuba a toshe huji, ya toshe hanyar ruwa duka. Wa ka ba aro?"

Mutum guda na ba. Jiya ya maido ta, ya ce, "Wallahi lafiya lau take."

An wanke, an liƙe. Saura ƙiris injin da nake ci da iyali ya ƙone.

Hamidu, kana nan cikin gurup. Huji ba komi ba ne. Rantsuwar fa?